An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Laifin Wa Ne In Fim Ya Ƙi Tafiya A Tsohuwar Laftof?

Mai karatu, akwai wata ƙarya da ta daɗe tana yawo a shagunan tura finafinai da na gyaran kwamfuta, tun daga Kano har ƙauyukanmu, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Wai in ka sa fim a laftof ɗinka ka ga hoto yana tsayawa, murya ta yi gaba ta bar bakin jarumi a baya, fanka tana gurnani, ƙasan kwamfutar ya yi zafi kamar kaskon suya, to kwamfutarka ce ta tsufa, sai ka nemi wata. Ni dai na ce a'a. Sau da yawa kwamfutar nan lafiyarta lau. Mai laifin shi ne wanda ya ɗaure fim ɗin da irin ɗaurin da ba za ta iya kwancewa ba, sannan ya juyo yana yi maka gorin talauci.

Ka ɗauki Dingaya da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram, ko Sara, ko Kila, ko Basirka, ka haɗa da Birnin Kudu da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Mutumin waɗannan garuruwa ba zai shiga mota ya tafi sinimar Kano don ya ga sabon fim ba. In ba ta tauraron ɗan'adam ya gani ba, to shagon caji zai je, yaro mai laftof ya tura masa a memori ko a filas. Laftof ɗin yaron nan kuwa, da ta malamin makaranta, da ta ma'aikacin asibiti, da ta ɗalibar da ke karatu a Dutse ta zo hutu gida, galibinsu gwanjo ne. Sun gama bautar wani ofis a Turai ko Amurka kafin su iso titin Beirut ko Farm Centre a Kano. Irin su HP EliteBook 8460p da Dell Latitude E6420, 'yan shekarar 2011, har yau suna nan suna rubuta takardu, suna lissafin sakamakon jarrabawa, suna ɗauke da karatun malamai. To don me fim ɗin Hausa kaɗai zai gagare su?

Kafin mu amsa, bari mu tuna wa 'yan fim asalinsu, don da alama wasu sun manta. Wannan sana'a ba da kayan alfarma aka gina ta ba. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, a kaset ɗin bidiyo ta fitar da shi, saboda shi ne abin da ke ɗakunan mutane. Sangaya na 1999 da Wasila na 2000, a kaset suka zaga ƙasar Hausa. Shi kansa kaset ɗin VHS da kamfanin JVC ya fito da shi a 1976, ya kayar da Betamax na Sony ne duk da ana yaba hoton Betamax, domin VHS ya fi ɗaukar dogon lokaci kuma ya fi samuwa a hannun jama'a. Da aka koma faifan sidi, wato VCD, hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye, kuma faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 zuwa 80. A Amurka VCD bai yi kasuwa ba, amma a Asiya da Afirka ya yi sarauta, saboda na'urarsa da faifansa sun yi daidai da aljihun talaka. Daga baya aka zo zamanin 3GP, hoto ɗan mitsitsi a wayar Chana, fuskar jaruma kamar an shafa mata kunu, amma a haka aka kalla, aka yi dariya, aka yi kuka.

Ku ma makaranta littattafai kun san wannan darasi. Marubutan Kano ba su jira takarda mai sheƙi da bango mai kauri ba. Sun buga a takarda mai araha, suka raba labari na ɗaya, na biyu, na uku, yadda yarinya za ta iya saye da kuɗin kashewarta ko ta karɓo haya. Da sun ce sai bugun Landan, da yau babu adabin da muke tinƙaho da shi. Ƙa'idar ɗaya ce a fim da littafi: ka kai kayanka a mazubin da mai saye zai iya ɗauka.

To yanzu me ya canza? Bari in warware maka a taƙaice, ba sai ka je makarantar kwamfuta ba. Bidiyo hotuna ne ake jerawa da sauri, a tsarin ƙasarmu guda 25 a kowace daƙiƙa. Da za a ajiye kowane hoto yadda kyamara ta ɗauko shi, fim ɗaya sai ya cinye rumbun kwamfuta gaba ɗaya. Shi ya sa ake matse shi. Dabarar ita ce a ajiye cikakken hoto guda, sannan a hotunan da ke biye a rubuta abin da ya motsa kawai. In jaruma tana zaune a falo tana magana, ba a sake zana kujera da labule. Bakinta da hannunta kaɗai ake bi. Wannan shi ne ɗaurin. A lokacin kallo kuma, dole kwamfutarka ta kwance ɗaurin nan, ta sake gina kowane hoto, sau 25 a daƙiƙa, ba hutu. In ta makara, sai hoto ya tsaya ko ya yi tsalle.

Ɗaurin iri-iri ne. Na VCD sunansa MPEG-1, na DVD kuma MPEG-2. A 2003 aka fito da H.264, wanda ake kira AVC, kuma shi ne ya zama ruwan dare gama duniya. A 2013 aka fito da H.265, wanda ake kira HEVC, wanda za ka ga an rubuta x265 a jikin sunan fim. A shekarar ce kuma Google ya fito da VP9, sannan a 2018 aka zo da AV1. Kowane sabo ya fi na baya iya matsewa. Manufar waɗanda suka tsara H.265 ita ce ya ba da hoto irin na H.264 a kusan rabin nauyinsa. Sai dai kowa ya san ƙullin da ya fi tamkewa shi ya fi wuyar kwancewa. H.264 yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 16 sau 16, shi kuwa H.265 gidansa yana kaiwa 64 sau 64, da lissafi mai rassa da yawa a ciki.

Ga inda gizo ke saƙar. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan sashe na musamman da ba shi da aikin komai sai kwance bidiyo, amma irin ɗaurin da aka san shi da shi ranar da aka ƙera shi kawai yake iya kwancewa. In fim ya zo da ɗaurin da ya sani, kamar ka kai niƙa inji ne: nan da nan an gama, ba gumi. In ya zo da baƙon ɗauri, sai aikin ya koma kan babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta kama daka a turmi da hannu. Nan ne za ka ji fanka ta tashi, batir yana zuba kamar an huda tulu. Kwamfutocin Intel tun wajen 2008 suka fara zuwa da injin kwance H.264, kuma daga zubi na biyu na Core i3 da i5 da i7, na 2011, abin ya zauna daram. Amma cikakken injin H.265 sai a zubi na shida, na 2015, mai zurfin launi na 10-bit kuma sai a zubi na bakwai. AV1 kuwa sai a zubi na sha ɗaya, na 2020. Ke nan duk laftof ɗin da ta girmi 2015, in ka ba ta x265, ka ba ta turmi da taɓarya ne.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne sunan da ke ƙarshen fayil. Sai ka ji mai shago yana rantsuwa, "Wallahi MP4 ne, kowace kwamfuta tana ci." Malam, MP4 buhu ne. MKV ma buhu ne. Buhu ɗaya yana iya ɗaukar gero, yana iya ɗaukar tsakuwa. Wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Sara ya san ba a ciniki sai an zura hannu an ga abin da ke ciki. MP4 na iya ɗauke da H.264, yana iya ɗauke da H.265 ko AV1, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya.

Yanzu bari mu zo kan masu laifi, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko su ne editoci da furodusoshin da cutar "4K" ta kama. Kowa ya buɗe baki sai ya ce fim ɗinsa 4K ne, kamar shi ne labarin, shi ne darakta. To mu yi lissafi. Hoton 4K ɗigo 3840 ne sau 2160, wato sama da miliyan 8. Fuskar yawancin tsofaffin laftof ɗin nan 1366 ce sau 768, wato miliyan 1 da 'yan kai. Ka ga kenan an tilasta wa kwamfuta ta kwance ɗigo kusan ninki takwas na abin da fuskarta za ta iya nunawa, sannan ta zubar da bakwai ta nuna ɗaya. Wannan wace irin hikima ce? Ko 1080 ɗin da ake rainawa, ɗigo miliyan 2 ne, ya ninka abin da fuskar ke ɗauka. Mai kallo a Dingaya bai ga ƙarin kyau ko na anini ba, wahalar kawai ya gani.

Na biyu su ne 'yan tura-tura. Su ba alfahari ne ya dame su ba, rowar data da rowar wuri ce. Suna neman fayil mafi ƙanƙanta, sai su kwaso mai x265, ko su sauko da shiri daga YouTube ba tare da duba irin ɗaurin da ya zo da shi ba. YouTube kuwa yana ajiye kowane bidiyo a ɗauri fiye da ɗaya, kuma duk abin da ya haura 1080 ba ya ba da shi a H.264, sai VP9 ko AV1. Tun da manyan shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka mayar da YouTube babbar kasuwa daga 2020, wannan matsala ta ƙaru. Mai shago ya gwada a wayarsa sabuwa, ya ga yana tafiya sumul, ya karɓi kuɗinka. Ka je gida ka tara iyali, abu ya ƙi. Ka dawo, ya ce maka, "Ai naka injin ne."

Na uku, kuma wanda ya fi ba ni haushi, shi ne mai gyaran da ya san gaskiya ya ɓoye, ko bai sani ba ya ƙi cewa bai sani ba. An kawo masa kwamfuta fim yana sarƙewa, sai ya ce ƙwayar cuta ce, a goge komai a sake zuba Windows. An biya. Ba ta daina ba, sai ya ce a ƙara RAM. An biya. Ba ta daina ba, sai ya ce a kawo ta a yi musaya a cika kuɗi. Alhali ko ka cika ta da RAM har ta yi amai, ba zai haifar mata da injin H.265 ba. Tun bayan cire tallafin mai da sakin Naira a 2023, kowa ya san yadda kuɗin kayan waje ya tashi. A ce malamin firamare ya sayar da akuyarsa don gyaran abin da bai lalace ba, wannan zalunci ne, ko da jahilci ne ya jawo shi.

Na san za a ba ni amsa, kuma ba zan gudu ba. Za a ce, ai H.265 yana rage cin data, ga shi data ta yi tsada, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Gaskiya ne, kuma ga mai kallo kai tsaye a sabuwar waya, wannan riba ce. Amma mai shago sau ɗaya yake saukewa, ya tura wa mutum hamsin ko ɗari. Ɗan abin da ya tsimi na data, su waɗannan mutane ne ke biyansa da batirinsu da kuɗin cajinsu, a garuruwan da wutar lantarki baƙuwa ce. Fim ɗin da ya yi rabin nauyi amma bai kallu ba, ina ribarsa?

Za a ce, ai duniya gaba take yi, ba za mu tsaya jiran masu tsofaffin kaya ba. To wa ya ce a tsaya? Ku ɗauka da kyamarar da ta fi kowace, ku tace a 4K, ku adana uwar fim ɗin a haka saboda sinima da gobe. Amma abin da ake ajiyewa a rumbu daban, abin da ake kaiwa kasuwa daban. Netflix da YouTube, waɗanda suka fi mu kuɗi da injiniyoyi, kowane fim suna yi masa kwafi da yawa, manya da ƙanana, kuma har yau ba su yar da H.264 ba, don sun san akwai masu tsofaffin na'urori a cikin masu ba su kuɗi. Su ba su raina mai tsohuwar kwamfuta ba, sai mu da shi ne kasuwarmu? Kuma kada wani ya ce matsalar za ta wuce da kanta. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, Windows 11 kuma galibi daga zubi na takwas yake karɓa. Kwamfutocin da ofisoshin Turai za su sallama saboda haka, su ne gwanjonmu na gobe. Da yawansu sun san H.265, amma ba su san AV1 ba. Kullum kayan da ke hannunmu suna bayan na masu ƙera ɗaurin da shekaru, don haka kullum sai an yi mana awo da mudunmu.

Za a kuma ce, kai da wannan rubutu ɓarayin zaune kake koya wa sana'a, tunda yawancin turawar nan ba da izinin mai fim ake yi ba. Wannan ita ce magana mai nauyi, kuma ina tare da furodusan da ya zuba dukiyarsa wani ya kwashe a banza. Haƙƙi haƙƙi ne. Amma a gaya mini, yaushe nauyin fayil ya taɓa hana satar fasaha? Faifan DVD da makulli aka yi shi, a 1999 aka ɓalle makullin. Abin da ɓarawo ke yi in ya samu fim mai nauyi shi ne ya sake matse shi da gaggawa, ya mayar da shi dusa, murya ta shaƙe, hoto ya dagule, sannan ya watsa da sunanka a jiki. Mutanen Gwaram su ce fim ɗin wane ba shi da kyau. Ka yi asarar kuɗi, ka yi asarar suna. Da furodusa zai fitar da nasa kwafin mai sauƙi, mai tsabta, da tambarinsa, ya sayar wa masu shaguna da izini a farashin da za su iya, da ya mayar da su dillalansa, kamar yadda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka kasance a zamanin kaset. In kuwa ya ƙi, mai shago ba zai rufe ba. Zai cika memorin mutane da fassarar Indiya-Hausa da duk abin da ke tafiya ba gardama, kuma ido abin da ya saba gani shi yake nema.

To mene ne abin yi? Ga editoci da masu shago, maganar ba ta da tsawo: da tsohuwar zuma ake magani. Kwafin da za a kai wa jama'a ya zama H.264 a buhun MP4, launi 8-bit, sauti AAC. A kiyayi 10-bit ko da a H.264 ne, domin injinan kwancewa galibi ba su san shi ba. Girman hoto 720 ya wadatar wa kowace laftof. Ga tsofaffi tukuf irin masu Core 2 Duo, da ƙananan wayoyi, a yi 480. Kada a ƙara yawan hotuna zuwa 50 ko 60 a daƙiƙa, a bar su yadda aka ɗauka. In an ba 720 kimanin kilobit 1,500 a daƙiƙa, awa ɗaya za ta tashi megabait 675. 480 a kan kilobit 800 kuma megabait 360. Wannan bai kai nauyin awa ɗaya ta VCD ba ma a na biyun, ga hoto ya fi shi nesa ba kusa ba. Akwai manhajar HandBrake, kyauta ce, tana yin wannan juyi, har da zaɓin da aka riga aka tsara na 720 da 480. Mai shagon da ya san mutuncin sana'arsa ya ajiye rumbu biyu: na sababbin wayoyi da na tsofaffin kwamfutoci, ya tambayi mai saye a me zai kalla kafin ya tura.

Kai kuma mai karatu, da ke 'yar'uwa mai karatu, ga naku makamin. Ku sa manhajar VLC, ita ma kyauta ce. In fim yana tafiya, a danna Ctrl da J tare, za ta nuna irin ɗaurin da ke cikin buhun. In kun ga H264 ko AVC, madalla. In kun ga HEVC ko VP9 ko AV1, ga mai laifinku nan. Ku duba lambar ƙwaƙwalwar kwamfutarku: in an rubuta i5-2520M, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato na biyu, i5-4300U na huɗu ne, i5-6300U na shida. In taku ba ta kai shida ba, ku gaya wa mai shago gaba da gaba cewa ba kwa son x265. Mai kallon YouTube a laftof kuma ya sauko da hoton zuwa 720 ko 480, ko ya sa ɗan ƙarin nan mai suna h264ify a burauzarsa, wanda ke sa YouTube ya aiko da H.264. Sannan uwa uba, kada ku biya sai an gwada, a kan irin na'urar da za ku kalla da ita. In mai gyara ya ce a goge kwamfuta saboda fim ɗaya ya sarƙe, ku ce ya fara sa wani tsohon fim ɗin da kuka san yana tafiya. In wancan ya tafi lafiya, ku ɗauki kayarku ku yi gaba.

Ga 'yan fim kuwa, hannunka mai sanda nake yi muku. Mutumin Dingaya da na Fagam da na Birnin Kudu, shi ne ya sayi kaset ɗinku lokacin da 'yan boko ke yi muku dariya. Shi ya haddace sunayenku, ya sa wa 'ya'yansa laƙabin jarumanku. Bai roƙe ku ku rage ingancin aikinku ba. Abin da yake nema kawai, in ya biya kuɗinsa ya tara iyalinsa bayan sallar isha'i, fim ya fara ya ƙare ba tare da bakin jarumi ya rabu da muryarsa ba. Aikin awa ɗaya ne a teburin edita. In kun kasa yi masa wannan, kada gobe ku zo shafukan nan kuna kukan kasuwa ta mutu.

Allah ya sa a gyara.